Yadda Iyayen Ayislan Suka Raba 'Ya'yansu da Kwalba



Da yawa daga cikinmu ba mu fara jin sunan ƙasar Ayislan da kyau ba sai ranar 22 ga Yunin 2018, lokacin da Ahmed Musa ya zura musu ƙwallo biyu a birnin Volgograd na ƙasar Rasha, a gasar cin kofin duniya. A ranar ne masu sharhi suka yi ta nanata cewa mutanen ƙasar duka-duka kimanin 350,000 ne, wato ba su kai mutanen ƙaramar hukumar Dala ba. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne, yawancin 'yan wasan nan sun taso ne a daidai lokacin da ƙasarsu ke fama da wata annoba a cikin gida, kuma filayen ƙwallon da suka yi wayo a cikinsu suna daga cikin maganin da aka nemo mata.

Annobar ita ce shan barasa a tsakanin yara. A 1998, da aka tambayi 'yan shekara 15 zuwa 16 na ƙasar, kashi 42 cikin 100 suka ce sun sha sun bugu a cikin kwana 30 da suka wuce. Kashi 23 suna shan taba sigari kullum, kashi 17 sun taɓa ɗanɗana tabar wiwi. Da aka maimaita tambayar a 2016, masu buguwa sun koma kashi 5, masu sigari kashi 3, masu wiwi kashi 7. Yau za mu bi tarihin wannan sauyi ne, mu ga inda hannun iyaye yake a cikinsa.

Shekara 74 ana haramci

Ayislan tsibiri ne a arewacin tekun Atlantika, kusa da inda sanyi ya kai maƙura. A watan Disamba, hasken rana a babban birninsu Reykjavik bai fi na awa huɗu zuwa biyar ba, a watan Yuni kuwa da ƙyar duhu ke shiga. Sun daɗe a ƙarƙashin sarautar Denmak kafin su zama jamhuriya a 1944.

Kada mu ɗauka mutanen nan ba su san haramta barasa ba. Sun riga Amurka ma. A 1908 suka yi ƙuri'ar raba-gardama, mafi rinjaye suka zaɓi a haramta ta, dokar kuma ta fara aiki a farkon 1915. Ba a je ko'ina ba sai ciniki ya huda ta. Arzikin Ayislan a lokacin busasshen kifi ne mai gishiri, babbar kasuwarsa kuma Sifaniya. Sifaniya ta ce in ba za a sayi giyar inabinta ba, ita ma ta daina sayen kifi. A 1922 aka buɗe wa giyar inabi ƙofa. A 1933 aka sake ƙuri'a, a 1935 aka halatta barasa mai ƙarfi. Abu ɗaya aka bari a haramce, shi ne giyar sha'ir, wadda muke gani a kwalba ko gwangwani. Hujjar 'yan majalisa ita ce tana da araha, saboda haka ita ce za ta fi saurin jan yara da talakawa.

Haka aka zauna har ranar 1 ga Maris ɗin 1989, da aka ɗage wannan haramci na ƙarshe, shekara 74 bayan na farko. Ko bayan nan ba a saki abin sakaka ba. A lokacin, shagunan gwamnati kaɗai ke da izinin sayar da barasar da za a tafi da ita gida, kuma doka ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 20 ba. Duk waɗannan dokoki suna nan daram a 1998, shekarar da yara huɗu cikin goma suka ce sun bugu. A daren Juma'a da Asabar, tsakiyar Reykjavik cika take yi da samari da 'yan mata 'yan makaranta suna tangaɗi har gari ya waye. Doka ta tsare ƙofar shago, amma kwalba na isa hannun yaro ta wajen yayansa, ko abokin yayansa, wani lokaci ma ta wajen iyayensa da ke ganin gara ya sha a gabansu.

Makarantu ba su yi shiru ba. An yi ta shiga aji ana yi wa yara lacca kan illar barasa ga hanta da ƙwaƙwalwa. Yara su saurara, su fita, su ci gaba da abinsu. Ɗan shekara 15 ba ya lissafin ciwon da zai same shi yana da shekara 50.

Aka daina wa'azi, aka fara tambaya

A 1991 aka gayyaci wani malamin ilimin halayyar ɗan Adam daga Amurka, Harvey Milkman, ya zo ya yi bayanin bincikensa. Ra'ayinsa shi ne, abin da mai shaye-shaye ke nema shi ne sauyin da ke faruwa a ƙwaƙwalwarsa: wani yana neman abin da zai kwantar masa da damuwa, wani yana neman abin da zai motsa masa jini. In haka ne, ana iya samar wa yaro wannan sauyi ta hanyar da ba ta cutarwa. A 1992 ya kafa wani shiri a birnin Denver, inda ake ɗaukar yaran da suka fara lalacewa, ba a ce musu an kawo su magani ba, sai a tambaye su abin da suke son koya, kiɗa ne, zane ne, ko wasan kare kai.

Wata matashiyar mai bincike a Jami'ar Ayislan, Inga Dóra Sigfúsdóttir, da abokan aikinta suka ɗauki maganar suka faɗaɗa ta. Suka ce me zai sa a jira sai yaro ya faɗa rami? Me zai hana a gyara wa dukkan yaran ƙasar yanayin da suke tasowa a ciki?

Kafin a gyara abu sai an san shi. A 1992 aka raba wa 'yan shekara 14 zuwa 16 na makarantun ƙasar takardar tambayoyi, ba a rubuta suna. An tambaye su ko sun taɓa sha, ko sun taɓa buguwa, ko suna shan taba. Aka kuma haɗa da tambayoyin da ba a saba yi ba: awa nawa kake yi tare da iyayenka? Sun san inda kake da dare? Sun san abokanka? Me kake yi bayan an tashi daga makaranta? Aka maimaita a 1995 da 1997.

Da aka jera amsoshin, sai aka ga makarantun da abin ya yi ƙamari da waɗanda ke da sauƙi, aka kuma ga abin da ya bambanta yaron da ke sha da wanda ba ya sha. Abubuwa huɗu suka fito fili. Yaron da ke zuwa wasanni ko wani aiki mai tsari sau uku ko huɗu a mako, da wanda ke samun lokaci mai yawa tare da iyayensa a ranakun aiki, da wanda ke jin an damu da shi a makaranta, da wanda ba ya kaiwa tsakar dare a waje, su ne suka fi kuɓuta. Biyu daga cikin huɗun nan a hannun iyaye suke kai tsaye. Na uku, wato wasanni, sai da iyaye yake yiwuwa, domin su ke kai yaro su ɗauko shi.

Daga 1997 gwamnati da hukumar birnin Reykjavik suka rungumi wannan sakamako a matsayin manufa, a 1999 kuma aka kafa cibiyar bincike ta musamman da ta ci gaba da raba tambayoyin. Wani abu da ya kamata mu lura da shi: ba a ajiye sakamakon a kabad ɗin jami'a. Cikin wata biyu zuwa uku ake mayar wa kowace ƙaramar hukuma da kowace makaranta alƙalumanta. A tara iyaye a ɗakin taro a nuna musu halin 'ya'yan unguwarsu na bana. Uban da zai iya cewa "yaran zamani ne" in ana maganar ƙasa baki ɗaya, bakinsa mutuwa yake in aka ce ajin ɗansa ake nufi.

Abin da aka ɗora wa iyaye

Abu na farko da aka nema a wajen iyaye shi ne lokaci, kuma an faɗa musu ƙarara cewa yawansa ake so. A lokacin akwai wata magana da ta yaɗu a Turai da Amurka, cewa in uba ya ware wa ɗansa ɗan lokaci mai armashi a ƙarshen mako, ya wadatar. Alƙaluman Ayislan suka nuna cewa zaman yau da kullum ya fi tasiri: a ci abincin dare tare, a zauna a ɗaki ɗaya ko da kowa na harkarsa, a tafi kasuwa tare. Yaro ba ya zaɓar ranar Lahadi ya faɗi abin da ke damunsa. A tsakiyar hirar banza yake sako shi, in akwai wanda ke zaune.

Na biyu shi ne sanin abokai, da sanin iyayen abokan. Dalilin a fili yake. Yaro zai ce zai kwana gidan su wane, wane kuma ya ce wa nasa iyayen zai kwana gidan su wannan. Muddin iyayen biyu ba su san juna ba, ƙaryar za ta yi shekara tana aiki. Ranar da suka karɓi lambar wayar juna, ta mutu.

Na uku shi ne yarjejeniya. Akwai ƙungiyar iyaye ta ƙasa mai suna Heimili og skóli, ma'ana Gida da Makaranta, wadda aka kafa a 1992. Ita ta fito da takardar da iyayen aji ɗaya ke zama su tattauna, su rattaba mata hannu tare. Ga iyayen matasa, alkawuran sun haɗa da cewa ba za a bar yara su yi shagali a gida ba tare da babba ba, ba za a saya wa yaro barasa ba, za a kiyaye lokacin dawowa gida, kuma kowa zai sa ido a kan ɗan wani kamar nasa. Takardar ba ta da ƙarfin doka, ba a kai kowa kotu a kanta. Amfaninta shi ne ta ƙwace wa yaro babban makaminsa. Duk wanda ya yi renon matashi ya san kalmar nan: "Ai kowa an bar shi, ni kaɗai ake hanawa." Uwar da ta zauna da sauran iyayen ajin ta ga sa hannunsu, ta san ba haka ba ne, yaron ma ya san ta sani.

Batun kada iyaye su saya wa yaro da kansu ya sha gardama, domin a Turai mutane da yawa sun yarda cewa in aka koya wa yaro kurɓa kaɗan a gida, zai iya riƙe kansa a waje. Daga baya wani bincike a Ostareliya, da ya bi yara kusan 1,900 tsawon shekara shida aka kuma buga shi a 2018, ya nuna cewa wannan dabara ba ta kare yaro. Waɗanda iyayensu suka ba su sun fi zuwa neman ta a wani wuri daga baya.

Na huɗu shi ne dare. Dokar kare yara ta ƙasar ta ce ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba zai kasance a waje shi kaɗai ba bayan ƙarfe 8 na dare, ɗan 13 zuwa 16 kuma bayan ƙarfe 10. Daga 1 ga Mayu zuwa 1 ga Satumba, lokacin da rana ke daɗewa, ana ƙara musu awa biyu. Amma ba 'yan sanda aka bar wa tsaron wannan doka ba. Iyaye ne ke haɗa ƙungiya, su raba kwana, su fita sintiri a ƙafa a daren ƙarshen mako. Ba su da sanda, ba sa kama kowa. In sun tarar da yara a bayan makaranta ko filin wasa, su gaisa, su tuna musu lokaci. Ganin manya a titi kaɗai ya isa ya rage abin da duhu ke ɓoyewa, kuma a wajen yawon ne iyayen da kansu ke sabawa da juna.

Gwamnati ta tallafa ta nata ɓangaren. A 1998 aka ɗaga shekarun da yaro ke fita daga ikon iyayensa daga 16 zuwa 18, abin da ya ba iyaye ƙarin shekara biyu suna da ta cewa. Doka ta wajabta wa kowace makaranta ta samu ƙungiyar iyaye. Aka zuba kuɗi a kulob-kulob na wasanni da makarantun kiɗa da zane, aka gina filayen ƙwallo masu rufi saboda hunturu, na farkonsu a shekarar 2000, aka horar da masu koyarwa. A 2007 birnin Reykjavik ya fito da katin tallafi ga kowane yaro ɗan shekara 6 zuwa 18, wanda ba a iya kashe kuɗinsa sai a wajen irin waɗannan ayyuka. A 2016 kuɗin ya kai krona 35,000 a shekara ga kowane yaro. Manufar ita ce kada ɗan talaka ya tsaya a bakin fili yana leƙe.

Abin da ya biyo baya

Tsakanin 1997 da 2012, 'yan shekara 15 zuwa 16 da suka ce suna yawan zama da iyayensu a ranakun aiki sun tashi daga kashi 23 zuwa 46. Masu zuwa wasanni aƙalla sau huɗu a mako sun tashi daga kashi 24 zuwa 42. A daidai wannan tsakani ne shan barasa da taba ya yi ta gangarowa, kuma bai koma sama ba ko da bankunan ƙasar suka durƙushe a 2008 iyalai da yawa suka shiga matsi. A binciken da ake yi wa ɗaliban Turai a 2019, kimanin kashi 11 na yaran Ayislan ne suka ce sun sha barasa a watan da ya gabata. A Denmak, tsohuwar uwar gijiyarsu, adadin ya haura kashi 70.

Tun daga 2006 wasu biranen Turai suka fara kwaikwayon tsarin, kamar Kaunas a Lituweniya da Tarragona a Sifaniya. Yanzu ana kiransa Planet Youth, ya kuma kai har ƙasar Chile.

Masana ba su bar labarin ya wuce ba tare da tankiya ba, kuma ya kamata mu ji ta bakinsu. Sun ce a shekarun nan shan barasar matasa ya ragu a yawancin ƙasashen Turai, har inda ba a yi komai irin wannan ba, saboda haka ba duk ragin ne za a jingina wa shirin ba. Sun ce Ayislan ƙarama ce, mai arziki, mutanenta harshe ɗaya, kusan kowa ya san kowa. Sun kuma ce wasu yaran jinkirtawa kawai suke yi, su fara sha bayan sun haura 16. Masu kare shirin suna amsawa da cewa ragin Ayislan ya zarce na maƙwabtanta nesa, kuma wani bincike da aka buga a 2010 ya gano cewa garuruwan da suka riƙe tsarin sosai sun fi waɗanda ba su shiga ba samun sauƙi. Game da jinkiri kuwa, likitoci sun daɗe da sanin cewa wanda ya fara sha tun yana ƙarami ya fi shiga haɗarin kamuwa, domin ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai an haura shekara 20. Kowace shekarar da aka jinkirta riba ce.

Inda ya shafe mu

A wajenmu addini ya haramta giya, jihohi da dama sun ƙara da doka tun daga shekarar 2000, kuma mun sha ganin Hisbah na farfasa kwalabe a Kano. Duk da haka a watan Mayun 2018 sai da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya fallasa yadda matasa ke kwankwaɗarsa. Wannan ya yi kama da darasin farko na Ayislan: in an toshe kwalba ɗaya, yaron da ba shi da wurin zuwa kuma ba mai tambayar inda yake zai nemo wata.

Ba mu da katin krona 35,000, kuma uban da ke fita tun asuba neman abin sawa a baki ba zai ƙirƙiro lokacin da ba shi da shi ba. Amma rabin abin da iyayen Ayislan suka yi bai ci ko sisi ba, kuma ba baƙo ba ne a gare mu. Yarjejeniyar da suka rubuta a takarda, mu a baki muka gaje ta: ɗa na kowa ne. Akwai lokacin da maƙwabci zai ga yaro a kan dakali bayan isha'i ya kora shi gida, uban yaron ya bi shi da godiya. Akwai hirar tsakar gida bayan tuwon dare. Su sai da suka yi bincike na shekaru kafin su gano waɗannan, suka gina su da gangan. Mu a hannu muke da su, muna sakinsu kaɗan-kaɗan, tun daga ranar da uba ya fara cewa maƙwabci "ina ruwanka da ɗana".

Mu da muke koyon rubutu, muna yawan ɗaukar shaye-shaye a matsayin jigo, kuma kusan kullum hanya ɗaya muke bi. Yaron kirki ya haɗu da mugun aboki a shafi ɗaya, ya lalace a na gaba, uwa ta yi kuka, a ƙarshe ya tuba ko ya haukace. Tarihin nan ya ba mu tambayoyin da za su cike giɓin da muke tsallakewa. Ina yaron yake da ƙarfe 10 na dare? Wa ke gida lokacin da ya dawo daga makaranta? Mahaifinsa ya san sunan uban abokin nan? Daga la'asar zuwa magariba, akwai wani wuri da ake jiransa, inda za a lura in bai zo ba? Marubucin da ya amsa waɗannan a cikin labarinsa zai nuna wa iyaye daidai wurin da za su iya sa hannu tun abin bai yi nisa ba.

Sai mun ji ra'ayoyinku a ƙasa, musamman waɗanda unguwarsu ke da wani tsari na iyaye irin wannan. Allah ya shirya mana zuri'a, ya kai mu mako mai zuwa lafiya.